Ranar da Na Goya Malam Zuwa Sérou

Moto, wato babur, na koya yadda kowa ya koya a Guéma. Yayana ya ɗora ni, ya nuna mini inda ake murɗawa, ya sake ni. Birki daga baya na gano inda yake, a jikin katangar maƙwabcinmu. Tun daga nan nake kan moto ina kai atamfa da takalma kasuwannin ƙauye, har gemuna ya yi fari, ba wanda ya taɓa zaunar da ni ya ce ga hannunka ga na wani. Karatun lekol, wato boko, da na yi bai kai a ba da labari ba. Allunan bakin hanya kuwa, na san mai ja yana nufin wani abu, mai shuɗi ma yana nufin wani abu.

Da dokar hular kwano ta zo, wadda mu nan muke kira kaske, an fara da mai tuƙi, daga baya aka ce har wanda aka goya. Kafin a fara kamu sai da aka zo aka wayar mana da kai. An kafa rumfa a bakin kasuwa, aka kawo lasifika da wasu samari masu farar riga iri ɗaya. Suka yi faransanci har rana ta take, wani ya juya da Bariba, wani da Dendi, Hausa ta zo ƙarshe bayan kowa ya gaji. Sannan suka fito da kankana biyu. Ɗaya suka sa mata kaske, ɗaya suka bar ta haka, wani ya hau tebur ya sako su ƙasa. Marar hular ta tarwatse. Mai lasifika ya nuna ta da yatsa ya ce, to ga kanku nan. Jama'a suka yi wawa a kan kan namu suka shanye. Wani dattijo kusa da ni ya ce da sun bar ɗayar ma ba hula da kowa ya samu.

Doka dai mun karɓa, amma irin karɓarmu. Abin da muka fahimta shi ne haɗari yana tsayawa daidai inda ɗan sanda yake tsayawa, in ka wuce shi ka wuce haɗari. Saboda haka kaske a gwiwar hannu yake zama, ko a rataye a madubi. Mata na zuba ƙwai da tumatir a ciki in sun taso daga kasuwa. In ka ga mai tahowa ya dafa kansa, to suna nan gaba, sai ka ɗora, ka wuce su da fuskar mutumin kirki, ka sauke. Ni ma haka nake yi, ban fi kowa ba.

Ana cikin haka 'yata ta haihu. 'Yar fari ce, ba na kama sunanta. Aure ya kai ta Sérou, gaba da Djougou, gidan wani manomin doya, yaro mai ladabi. Ta daɗe a gidan ba haihuwa. Ciki ya zo ya zube, ya sake zuwa ya zube, har muka daina tambaya, ita ma ta daina faɗa. Wannan karon ba ta gaya wa kowa ba sai da ya tsufa, kuma kafin uwarta ta shirya ɗauko ta gida, yaron ya sauka a can.

Ta kira ni a waya, murya ƙasa-ƙasa.

"Baba, Malam nake so ya raɗa masa suna."

"Ba su da liman a can?"

"Suna da shi. Malam nake so. Ban taɓa roƙonka komai ba."

"Kin sha roƙona."

"To wannan ne na ƙarshe."

Mijin ya karɓi wayar ya ce dattawansu sun yarda, amma ba za su jira ya wuce hantsi ba, damina ce, mutane na da gona. In Malam bai iso ba limaminsu zai yi, a yanka rago, kowa ya kama gabansa. Na ce zan kawo shi.

Malam aminin mahaifina ne. Shi ya ɗaura mini aure, shi ya raɗa wa yarinyar suna, a zaurensa ta yi karatu, kuma duk cikin da ya zube shi take aika wa ya yi addu'a. Ya tsufa, ya bushe, in ka goya shi ba ka jin ka ɗauki mutum. Sai dai akwai abu guda. Tun ranar da malamansa suka naɗa masa rawani bayan ya sauke tafsiri, ba mahaluƙin da ya ƙara ganin kansa a waje. Ni da na tashi a gabansa ban san ko yana da sanƙo ba. Almajiransa na dā suna gardama a kan wannan har yau.

Ana gobe suna muka shiga taksin Djougou. A mota ba a neman kaske, sai bel, kuma bel ɗin motar yana aiki, da shi aka ɗaure but don kaya sun hana shi rufuwa. Direba ya girmama Malam, ya ba shi gaba tare da mutum ɗaya kacal, sannan ya matsa ya sa wani a kujerarsa, yana sa giya ta tsakanin ƙafafun mutumin. Duk motar da ya wuce, a kwana ya wuce ta. Na yi magana sau ɗaya, ya nuna mini addu'ar tafiya da ya manna a gilashi. Malam ya ce masa addu'ar ba ta ce a rufe ido ba. Ya ce gaskiya ne Malam, ya ƙara wuta.

A Djougou muka sauka gidan wani abokina mai goro. Unguwar surukina tana cikin gonaki, an bar kwalta, kuma da damina mota ba ta shiga. Abokin ya ce in ɗauki motonsa da safe, ga kaske biyu. Ya ƙara da cewa 'yan sanda na tsayawa a mafitar gari tun rana ba ta fito ba, wanda suka kama ba hula sai furiyar, wato inda ake tara motocin da aka kama, kuma ba a fitar da moto daga can kafin hantsi, ko hantsin jibi.

Bayan mun dawo daga sallar asuba na miƙa wa Malam kaske da hannu biyu.

"Wannan fa?"

"Kaske ne, Allah gafarta Malam."

"Na san sunansa. Me ya kawo shi hannuna?"

Na yi masa bayani. Ya saurara har ƙarshe, yana juya abin kamar wanda aka ba mushe.

"Wato in warware rawani, ka bi titi da ni kamar ɗan zem mai haya da moto."

"Nan da mafitar gari ne kawai, Malam. In mun wuce su…"

"In mun wuce su sai in tsaya a bakin hanya in naɗa, 'yan tallan koko suna kallo."

Muka gwada ɗora kasken a kan rawanin. Ya zauna can sama kamar faifai a bakin tulu, Malam ya ɗan juya wuya ya gangaro ƙasa. Na tambayi mai goro ko akwai hanyar bayan gari. Ya ce akwai, amma rafi ya cika, sai dai in Malam ya iya iyo. Na ce to mu je mu roƙi ɗan sandan, ai zai ga furfura. Ya ce wanda ke wurin yanzu sabo ne, mutumin kudu, ya tsayar da fada na coci, ya tsayar da mai unguwa, an ce har surukarsa ya sauke.

Gari yana ta wayewa. Ni dai na tsaya riƙe da kaske, ina tunanin da wane baki zan kira yarinyar nan. Malam ya zauna a kan tabarma yana jan carbi, kamar ba shi ake jira ba. Can ya ɗago.

"Kawo mini lafazin dokar."

"Malam, ni ina na iya karanta ta?"

"An ce kaske ya kasance a kai?"

"Haka aka ce."

"An ce lalle sai an gan shi?"

Na dubi mai goro, ya dube ni.

"Abin da ba a sharɗanta ba, ba a sharɗanta ba," in ji Malam. "A cire wannan gilashin na gaba. A wanke cikinsa da sabulu, ban san kan wa ya yi gumi a ciki ba. Sannan a ba ni ɗaki mai ƙofa."

Aka yi duk yadda ya ce. Ya shiga ya rufe. Muna jin motsinsa, muna jin ya yi salati sau ɗaya da ƙarfi, daga baya na gane maɗaurin ne ya cije masa gemu. Da ya buɗe ƙofa sai da ya sunkuya kafin kan ya wuce. Ya naɗe rawanin tsaf a kan kasken, ya ja amawali ya rufe maɗaurin ƙarƙashin haɓa. Mutum siriri kamar kara, da kai kamar rumbu. Matar mai goro ta fito da koko, ta gan shi, ta durƙusa har ƙasa, alhali jiya a tsaye ta gaishe shi.

"Kada wanda ya yi dariya," in ji Malam. "Ɗana, tayar da moto."

A cikin gari kowa ya ba mu hanya. 'Yan zem, waɗanda ba sa kauce wa ko motar asibiti, suka riƙa ja gefe suna ɗaga hannu. Wani ya bi mu yana cewa a sa shi a addu'a. Ban taɓa tuƙi cikin daɗi haka ba.

A mafitar gari muka tarar da su, da babbar mota a gefe an riga an fara jera motoci a ciki, masu su na tsaye suna kiran 'yan'uwa a waya. Usur ya tashi. Na tsaya. Ɗan sandan saurayi ne, rigarsa a goge. Ya dubi kaina, ya dubi na Malam, ya ɗaga kai sama don ya ga ƙarshensa.

"Et le papa? Casque?"

Na tattaro ɗan faransancin da nake da shi. "Il est dedans, chef." Wato yana ciki, ranka ya daɗe.

Ya ce ya ji ƙarya iri-iri a wurin nan, amma wannan sabuwa ce. Ya ce in sauka, ya zare makulli. Na fara ba shi labarin suna da jika, ya ce kowa da ke tsaye a nan suna zai je, ko jana'iza.

"Me yake cewa?" in ji Malam.

"Wai ba ya ganin kaske. Wai a kwance."

"Ce masa ya ƙwanƙwasa."

Na faɗa masa. Ya ɗaga hannu, ya kai kusa da rawanin, ya janye. Mutumin kudu ne, amma ya san ba a taɓa kan irin waɗannan tsofaffi haka kawai. Sai Malam ya ɗaga sandarsa ya buga wa kansa, ƙwas, ƙwas, ƙwas. Ya ɗan ja amawali ya nuna maɗauri a ɗaure ram. Ɗan sandan ya kira abokin aikinsa, Malam ya sake bugawa. Suka juya baya, kafaɗunsu na rawa. Ɗaya ya fito da waya zai ɗauki hoto, Malam ya ɗaga masa yatsa, ya mayar.

Da ya miƙo mini makulli ya lura nawa maɗaurin yana reto. Da hannunsa ya ɗaure mini, ya ja har na ji haƙorana sun haɗu. Ya ce in bar shi a kai har gida. Na ce to.

Muna barin kwalta muka shiga jar hanya, na tsaya. Na cire kaske, na zura shi a gwiwar hannu, na fito da hulata daga aljihu na karya ta na sa. Kaka ne ni, gidan surukai za ni, ba zan shiga da kwano a ka ba.

"Malam, mun wuce su. Ko za a sauke?"

"A nan? Ga mata can suna tahowa da itace. Tuƙa."

An yi ruwa da dare, hanya ta yi santsi. Hannuna akwai kududdufi, don haka na koma ɗaya hannun, kamar yadda kowa ke yi. Shi kuma wani mai keke mai ƙafa uku, ya yi lodin sabuwar doya, ya fito daga hanyar gona bai duba ba, don a saninsa ba mai biyowa ta nan. Kowa da gaskiyarsa. Na taka birki, moto ya ce shi bai san wannan ba.

Na ga Malam ya wuce ta samana, babbar riga a buɗe. Akwai wani dutsen marmara a bakin hanya, da ka ya sauka a kansa, ƙarar kamar an jefar da turmi. Ni da goshi na sauka. Da na ɗago, jini ya rufe mini ido ɗaya, da ɗayan na ga Malam ya tashi zaune, ya miƙe, yana kakkaɓe riga yana neman carbinsa a cikin ciyawa. Rawanin ko karkacewa bai yi ba.

Mai doya ya sauko da niyyar zagi, na ga bakinsa a buɗe. Ya dubi dutsen, ya dubi Malam, sai ya zube a kan gwiwa.

Malam ya zo ya kama haɓata ya duba goshin.

"Ɗana, a koma Djougou. Wannan sai allura."

"Bayan suna."

"Kai ya fi suna."

"Malam, na ce mata zan kawo ka."

Ya ninke hulata ya danna a kan ciwon, mai doya ya kwance robar ɗaure kaya ya zagaye mini kai da ita. Ƙafar moto ta gaba ta lanƙwashe, don haka aka ɗora shi a kan doya, aka ɗora ni a kan moto, Malam ya zauna kusa da mai tuƙi. Mutumin nan da bai duba hanya ba ɗazu, yanzu yana tafiya kamar ya ɗauko ƙwai, yana waiwayen rawani. Sai da na riƙa yi masa tsawa ya ƙara gudu, rana ta riga ta hau kan itatuwa.

Mun tarar an shimfiɗa tabarmi, an raba goro, an kawo rago bakin rami, limaminsu ya gyara zama. Surukina yana tsaye a bakin hanya da waya a hannu. Kafin injin ya mutu mai doya ya dira, ya shiga ba da labari da yarensu na Yom, yana nuna girman dutsen da hannu biyu, kuma dutsen yana ƙara girma. Ba wanda ya dube ni. Liman ya ɗaga kai ya kalli rawanin Malam, ya shafa nasa, ya matsa daga kan buzu.

Malam ya zauna. Ya kira uban yaron ya raɗa masa a kunne, ya yi addu'a doguwa, muryarsa ba ta rawa. Maroƙi ya ɗaga suna, wuƙa ta hau rago, guɗa ta tashi daga cikin gida. Ni ina jingine da bango, roba ta toshe mini kunne ɗaya, amma na ji.

Bayan an shafa fatiha mutane suka yi layi, kowa na son taɓa hannun Malam. Da ya gane abin da ake faɗa, ya sa surukina ya yi masa tafinta.

"Jama'a, ku ji tsoron Allah. Hular kwano ce a ciki."

Aka juya musu. Suka yi murmushi, suka gyaɗa kai. Wani dattijo ya ce haka manya suke, ba sa son a san su. Malam ya ɗaga sanda ya ƙwanƙwasa kamar yadda ya yi wa ɗan sanda. Aka yi kabbara. Mai doya ya ce kun ji ko, ai ya faɗa, kan ya fi dutsen tauri. Wani saurayi ya kawo makullin motonsa a tofa masa. Malam ya ce, "Je ka sayi kaske." Ya ce amin, ya shafa.

Hanya ɗaya ta rage ya nuna musu, wato ya kama bakin rawanin ya warware. Na ga hannunsa ya tafi can. Ya dubi taron, ya dubi matan da ke leƙe ta saman danga, ya mayar da hannun kan carbi. Haka ya wuni a ciki, gumi na bin gemunsa, yana cin tuwon suna ta ƙarƙashin maɗauri.

Wanzamin da ya zo askin jariri shi ya fara tausaya mini. Ya kwance robar, ya aske gefen ciwon, ya leƙa ya ce wannan ya fi ƙarfinsa, a kai ni wurin majo, malamin asibiti, a ɗinke. Kafin mu tafi wata tsohuwa ta zo ta ce mai jego na kirana.

Na tsaya a bakin ƙofa, labule tsakaninmu, ƙanshin kunun kanwa na fitowa.

"Baba, sannu da hanya."

"Yauwa. Kin ji muryarsa?"

"Na ji." Na jiyo tana jan hanci. Sannan ta ce, "An ce shi ko ƙwarzane bai yi ba."

"Bai yi ba."

"Mijina ya gaya mini abin da ke cikin rawanin. Kai ina naka yake?"

"Yana hannu."

"Hannun dai lafiya?"

"Lafiya ƙalau."

Labulen ya motsa, tsohuwar ta miƙo mini yaron a naɗe cikin zane, an aske shi tas, kansa ko cikin tafina bai cika ba. Na karɓa, na kauda fuska gefe don kada jini ya ɗiga masa.